Wa Ke Ɗaukar Nauyin Jirgin Ruwan da Aka Tsare?

Tsare jirgin ruwa bisa umarnin kotu abu ne da aka saba a shari'ar teku. Mai bin bashi, ko ma'aikatan jirgin da aka hana albashi, kan nemi a riƙe jirgin tamkar jingina har a yanke hukunci. Gwamnati ma kan kama jirgi da kanta idan ana zargin fasa-ƙwauri, satar ɗanyen mai ko karya takunkumi. A Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin irin waɗannan ƙararraki, bisa dokar 1991.

Da zarar an tsare shi, jirgin ya zama amana a hannun hukuma, kuma amana ce mai cin kuɗi. Ruwan gishiri na cin ƙarfensa dare da rana, injin da ya daɗe a kwance yana lalacewa. Dole a bar mutane a ciki, a ciyar da su, a sayi man janareta, a biya kuɗin tasha da na inshora, domin in ya kama da wuta ko ya malalar da mai, za a nemi mai biya.

Idan rigimar ta 'yan kasuwa ce, da sauƙi. A Ingila jami'in kotu ke kula da jirgin, a cire abin da ya kashe daga kuɗin gwanjo kafin a sallami masu bin bashi. A Amurka kuwa wanda ya nemi a tsare shi ne ke fara ajiye kuɗin.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan gwamnati ce da kanta ta yi kamun, don babu wanda za ta jingina wa nauyin. A 2022 aka kama jirgin alfarma Amadea a Fiji bisa buƙatar Amurka, wadda ta ce na attajirin Rasha Suleiman Kerimov ne. Daga baya gwamnatin Amurka ta shaida wa kotu cewa hidimarsa na cin kusan dala 600,000 duk wata, ban da inshora. In kuma kamun bai halasta ba, akwai diyya: a 1999 Kotun Duniya ta Shari'ar Teku da ke Hambag ta umarci Gini ta biya sama da dala miliyan 2 kan jirgin Saiga da ta kama.

Sakaci ya fi duk wannan tsada. A 2013 aka tsare jirgin Rhosus a Beirut ɗauke da tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret. Masu shi suka yi watsi da shi, aka sauke kayan a wani rumbun tashar, jirgin kansa ya nutse a 2018. Jami'an kwastam sun sha rubuta wa kotu kan haɗarin, ba a yi komai ba. Ranar 4 ga Agusta, 2020 rumbun ya tarwatse, ya hallaka mutum sama da 200.