Amana tsakanin ƴan ƙodago biyu: littafin John Steinbeck

Duk wanda ya taɓa ɗaure ƙunshinsa bayan kaka, ya tafi cin rani inda ba shi da uwa ba shi da uba, ya san darajar abokin tafiya. Wannan sani shi ne tushen wani ɗan littafi da marubucin Amurka John Steinbeck ya fitar a shekara ta 1937, mai suna Of Mice and Men, wanda Maurice-Edgar Coindreau ya juya cikin Faransanci da sunan Des souris et des hommes, watau ɓeraye da mutane. Babi shida ne kawai, ana karance shi cikin dare guda, amma tambayar da yake bari ba ta fita zuciya da wuri.

An haifi Steinbeck a 1902 a garin Salinas na jihar Kaliforniya. Tun yana saurayi ya yi ƙodago a manyan gonakin wannan kwari, ya kwana ɗaki ɗaya da leburori, ya ji hirarsu. Sa'an nan tattalin arzikin Amurka ya rushe a 1929, har a 1933 wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba su da aiki. Fari da guguwar ƙura suka ƙara korar manoma daga tsakiyar ƙasar zuwa Kaliforniya. Hannuwa suka yi yawa, lada ta yi arha, mai gona kuwa ya kori wanda ya so.

Cikin irin waɗannan mutane ne marubucin ya ɗauko biyu. George Milton ƙaramin mutum ne mai wayo. Lennie Small ƙato ne mai ƙarfin mutum uku, amma hankalinsa na yaro ne, ba abin da yake so kamar shafa abu mai laushi, kuma bai san iyakar ƙarfin hannunsa ba. Tun da gwaggon da ta rene shi ta rasu, George ke riƙe da shi. Sun gudo daga garin Weed, inda Lennie ya kama rigar wata yarinya aka tasam musu, suka sami aikin ɗaukar buhunan sha'ir a wata gona kusa da Soledad. Sunan garin da Sifaniyanci yana nufin kaɗaici.

Lada dola 50 ce a wata. Sauran leburori sukan ƙarar da tasu a gidan giya da na mata, su sake farawa daga tushe. Su biyun nan kuwa suna da buri: su sayi ɗan fili nasu, su yi shuka, su yi kiwon zomaye, kada wani ya sake korarsu. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni. Kuɗin filin dola 600 ne. Da tsoho Candy, mai shara wanda ya rasa hannu ɗaya a gonar, ya ji zancen, sai ya ce zai zuba dola 350 in za su tafi da shi. Ran nan ne kaɗai burin ya yi kama da abin da zai yiwu.

Kowa a gonar nan shi kaɗai yake. Crooks, mai kula da dawaki, baƙar fata ne, saboda haka an ware masa ɗaki a gefen barga, ba ya shiga ɗakin Turawa. Matar Curley, ɗan mai gona, ba ta da abokin magana, marubucin ma bai ba ta suna ba har littafin ya ƙare. Candy kuwa karensa ne abokinsa, sai wani lebura mai suna Carlson ya harbe shi don ya tsufa ba ya da amfani. Tsohon ya gane cewa ranarsa ma tana tafe, ya kuma yi nadamar barin baƙo ya kashe masa kare maimakon shi da hannunsa.

Ranar Lahadi masifa ta auku. Matar Curley ta tarar da Lennie a barga, ta bar shi ya shafa gashinta. Da ta tsorata ta yi ihu, shi ma ya firgita, ya riƙe ta har wuyanta ya karye. Curley, wanda dama Lennie ya taɓa murƙushe masa hannu, ya tara mutane da bindigogi. George ya riga su zuwa bakin kogin da suka yi alkawarin haɗuwa. Ya zaunar da abokinsa, ya sake ba shi labarin filin da zomayen, sa'an nan ya harbe shi ta ƙeya da bindigar Carlson. Slim, mai korar alfadarai, shi kaɗai ya fahimci abin da ya ci wa George rai.

A nan ne masu karatu suke rabuwa. Wasu suna ganin George ya tsare amana, da yake ya raba abokinsa da azabar taron masu fushi ko ɗaurin rai da rai. Wasu suna cewa rai ba na kowa ba ne da zai ɗauke shi, ko da don tausayi. Steinbeck bai yanke hukunci ba. Abin da ya nuna a fili shi ne, a gonar nan babu wata ƙofa ta uku ga talaka marar gata da marar cikakken hankali.

An mai da littafin wasan kwaikwayo a New York tun 1937, aka yi filim ɗinsa a 1939 da kuma 1992. Steinbeck ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1962, ya rasu a 1968. George da Lennie kuwa, duk ɗan cin ranin da ya taɓa raba kwanon tuwo da wani a baƙon wuri zai gane su tun daga shafin farko.