Hanci Zauren Jiki Ne

A gidan da na tashi, baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye. Sai ya yi sallama ya tsaya a zaure. A shimfiɗa masa tabarma, ya karkaɗe ƙurar hanya, a kawo masa ruwa a kwanon sha, ya huta, sannan a yi masa iso. Ciwon yayana ne ya sa na gane cewa jikin mutum ma haka yake karɓar iska.

Shekara da shekaru Yaya yana minshari, har matarsa ta lura cewa a tsakiyar minsharin yakan yi tsit, numfashi ya ɗauke, can sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Gwajin barci ya nuna naman maƙogwaronsa ne ke saki ya rufe hanyar iska. Likitoci suna lissafa duk ɗaukewar da ta kai daƙiƙa 10, kuma idan ta kai sau 30 a sa'a guda, ciwon ya yi tsanani. Aka rubuta masa na'urar CPAP, wadda wani likita a birnin Sidni na Ostareliya, Colin Sullivan, ya fara gwadawa a 1980. Aikinta kamar na zugazugin maƙeri ne, sai dai iskarta ba ta yankewa: tana bi ta tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Makonnin farko Yaya ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba, gyangyaɗin rana ya kau.

Da hunturu ya kama na je gaishe shi, sai na hangi na'urar a cikin kwalinta a kan sif.

"Yaya, lafiya ka ajiye ta?"

"Kai dai bari. Hancina ya toshe ruf, goshina kamar an ɗora masa dutse. Dubi nan." Ya buɗe hankicinsa: busasshiyar majina ce da ɗigon jini.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin na san kuɗin da ya kashe, na kuma san halin da zai koma.

Iskar da mutum ke shaƙa a yini ta kai kimanin lita 10,000, kuma kowace shaƙa baƙuwa ce da hanci ke tarba. Gashi da majina su kama ƙurarta, jijiyoyin jinin da ke bangon hanci su ɗumama ta, danshin wurin ya jiƙa ta, kafin ta wuce huhu. A gefen wannan zaure akwai 'yan ɗakuna, wato kogunan da ke cikin ƙashin kumatu da na goshi da na tsakanin idanu, kowanne da 'yar ƙofarsa ƙarama da ke buɗewa cikin hanci. Da zarar bangon zauren ya kumbura, ƙofofin nan sai su rufe, majina ta taru a ciki ba mafita. Nauyin goshin da Yaya ke kuka da shi ke nan.

To me ke kumbura bangon? Duk wanda ya taɓa zama a zaure da hunturu ya san bambancin ƙofa ɗaya a buɗe da ƙofa biyu a buɗe. Idan ɗaya ce, iska ta leƙo ta lafa. Idan aka buɗe ta ciki ma, sai ta ratsa da gudu, ta kwashe ɗumin wurin, leɓe ya tsage. A numfashi na yau da kullum, iskar da ta shiga ta hanci ta nan take dawowa, ta mayar masa da wani ɓangare na danshin da ta ɗauka. Amma idan mai na'ura ya buɗe baki cikin barci, ƙofa ta biyu ta buɗe ke nan: iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki, dare guda cur tana kwasa ba ta mayarwa. Hanci ya bushe, jiki ya turo ƙarin jini, nama ya kumbura, hanya ta ƙuntata, shi kuma mai barci ya ƙara wage baki don ya sami iska.

Matar Yaya ce ta ba da shaida daga bakin ƙofa: "Ai Alhaji bakinsa a buɗe yake kwana."

Sauran bayanin ya fito da muka sauko da kwalin. Na'urar tana da 'yar tukunyar ruwa da ke ɗumama shi don iskar ta ɗauki laima, kamar yadda ake yayyafa ruwa a tsakar gida kafin shara. Yaya ya kashe wannan ɓangare saboda yana shanye batir idan aka ɗauke wuta. Dalili ne mai ƙarfi a wurinmu, amma a watan da wanki ke bushewa kafin a gama shanya, hanci ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba. Matatar iskar da ke bayan na'urar kuwa, wadda faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, ta tashi daga fara ta koma jar ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yar kwalbar maganin ɗigawa a hanci da ya saya a kemis. Tana buɗe hanci nan take, shi ya sa ake son ta. Amma irin wannan magani, idan aka zarce 'yan kwanaki ana amfani da shi, toshewar kan dawo fiye da da, mutum ya kasa barci sai da shi. Haka ma cusa basilin ko man zafi a cikin hanci: maiƙon yana lalata robar takunkumi, kuma yana iya gangarawa huhu.

Likitan da muka koma wurinsa ya sa a kunna tukunyar ruwan, a riƙa zuba mata tataccen ruwa don kada ta yi farin ɓawo irin na butar shayi, a zubar da ragowar kowace safiya a shanya ta. Ya ba shi maɗaurin haɓa, ya ce idan bakin bai rufu ba a koma takunkumin da ke rufe hanci da baki tare. Ya ce a wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, a duba matatar iskar duk mako har hazo ya wuce. Ya kuma ja kunne cewa zazzaɓi, ko majina mai kauri da ciwon fuska da suka wuce kwana 10, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Kafin mako biyu hancin Yaya ya washe.

Ɗaukewar numfashin da ba a kula da ita ba tana da hannu a hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da gyangyaɗi a kan sitiyari. Idan taka na'urar, ko ta mijinki, ko ta mahaifinku, tana kan sif saboda toshewar hanci, don Allah a sauko da ita a cikin makon nan, a tafi da ita wurin likitan da ya rubuta ta.