Illar Gubar Ƙarafa a Ruwa ga Lafiyar Kifi

Manomi mai kiwon kifi, kada hasken ruwa ya ruɗe ka. Dalma, zaiba, kadmiyam da kuromiyam kan narke cikin ruwa ba tare da sauya launinsa ko warinsa ba. Ba sa ruɓewa kamar taki. Sukan kwanta a lakar tafki shekara da shekaru.

A Kano, ruwan majemun fata na Challawa da Sharaɗa yana ɗauke da kuromiyam zuwa Kogin Challawa. Inda ake haƙar zinari kuwa, dalma da zaiba ne abin tsoro. Gubar dalmar da ta ɓulla a Zamfara a 2010 ta hallaka yara fiye da 400, kuma ƙasar da aka niƙa a irin waɗannan wurare ruwan sama ke wanke ta zuwa rafi.

Gubar takan fara taɓa jajayen sassan da kifi ke numfashi da su. Sai su kumbura, yauƙi ya rufe su, ka ga kifi yana hamma a saman ruwa kamar iska ta ƙare a tafkin. Wannan alama ita ce mai sauƙin gani. Wadda ta fi cin jarin manomi a ɓoye take: kifi yana cin abinci amma ba ya girma, hanta da ƙoda suna lalacewa, ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa sosai, wasu 'ya'yan kuma su fito da karkataccen ƙashin baya. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan abinci ko iri, a yi ta sayen magani a banza.

Dalma da kadmiyam sun fi taruwa a hanta, ƙoda da ƙashi, don haka zubar da kayan ciki yana rage su. Zaiba ta bambanta, domin cikin tsoka take zama, kuma ta fi yawa a manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, kamar giwan ruwa da tsage. Dafawa ko banda ba sa fitar da ita.

Saboda haka, kafin ka haƙa tafki, bi ruwan zuwa sama ka ga abin da ake zubawa cikinsa. Malamin gona ya taimaka a kai ruwa da laka ɗakin gwaji, musamman da rani lokacin da ruwa ya ja baya. Zuba farar ƙasa yana rage tsamin ruwa da kaifin gubar, amma ba ya cire ta daga laka.