Abin da lambobin 20W-50 ke nufi a jikin galan ɗin baƙin mai

A ƙauyuka irin su Darini da sauran yankin Batsari da Safana, babur shi ne motar asibiti, shi ne kuma na kai amfanin gona kasuwa. Duk da haka, yawancin masu shi na barin zaɓin baƙin mai a hannun bakanike, ba tare da sanin ma'anar lambobin da ke jikin roba ba.

Lambobin ma'aunin kauri ne da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta tsara. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudana idan inji ya kwana cikin sanyi. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 5W kuwa a digiri 30 ƙasa da sifili, sanyin da hunturun Katsina bai taɓa kusantarsa ba. Saboda haka lamba ta biyu ce ta fi shafar mutanen yankin. Ita ce ke faɗin kaurin da man ke riƙewa a zafin digiri 100, kusan zafin injin da ke aiki. Mai lamba 50 ya fi mai lamba 40 kauri a wannan zafin, kuma a watan Afrilu, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, injin babur da iska kaɗai ke sanyaya shi yana buƙatar man da ba zai tsinke ba.

Kuskure ne a ɗauka cewa kauri shi ne inganci. Sabbin motoci da yawa an ƙera su ne don mai mara kauri kamar 5W-30, kuma zuba musu mai kauri na ƙara shan fetur. Littafin kamfanin da ya ƙera injin ne alƙali. Mai babur kuma ya nemi alamar JASO MA, domin kulocinsa a cikin man yake wanka.

Lamba ba ta da amfani idan man jabu ne, kuma nan ne aikin hukumar SON. Matatar Kaduna tana da sashen tace ɗanyen sinadarin baƙin mai, amma ya daɗe ba ya aiki, don haka daga waje ake shigo da shi. Tun faɗuwar darajar naira a 2023, tsadar ta tura masu babura da dama ga man awo da ake tsiyayawa daga duro, wanda babu wata lamba a jikinsa.