Wutar inji ta kama, na'ura ta nuna P0455: me ake nufi?

Kwanaki a kusa da tashar Jabi na ga wani direba ana shirin sauke masa tankin Corolla saboda lambar nan. Ashe robar murfin tanki ce kawai ta tsage.

Ga yadda abin yake. Fetur yana tururi ko da mota a tsaye take. Akwai wani gwangwani mai gawayi da ke tsotse tururin, daga baya bawul ya buɗe, inji ya ƙone shi. Kwamfutar mota tana gwada hanyar nan, in ta ji iska na fita sai ta kunna wuta. P0455 babbar ɓula ce, P0442 ƙarama, P0456 'yar mitsitsiya.

To ɗan'uwa, fara da murfi: duba robar, ɗaure shi da kyau, ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi. In wutar ba ta mutu ba, bakanike ya duba tiyo da bawul.

In famfon gidan mai ya tsaya da kansa, kar ka ce a ƙara. Fetur zai iya shiga gawayin ya lalata shi. In kuwa kana jin warin fetur, kar ka jira gobe.