Babi na Tara: Kantin Magani a Yamai Bayan Sakin Kasuwa

Daga 1962 har zuwa 1997 hukumar magunguna ta gwamnati, ONPPC, ce kaɗai ke da ikon shigo da magani Nijar, ita ce kuma ke riƙe da kantunan magani na gwamnati a manyan garuruwa. Dokar magani ta ranar 10 ga Janairun 1997, zamanin Ibrahim Bare Mainasara, ta buɗe ƙofa ga ƴan kasuwa. Yau manyan dillalai irin su Laborex da Ubipharm ne ke cika farmasi da kaya, koren fitilar nan mai siffar kuros kuwa ta bazu a unguwannin Yamai, daga Filato har Harobanda a hayin kogi.

Sai dai ba sakin tsakani da Allah ba ne. An saki shigo da kaya, ba a saki mallakar kanti ba. Komai kuɗin Alhaji, ba ya buɗe farmasi sai da takardar ilimin haɗa magani da izinin ma'aikatar lafiya. Mai takardar kuwa, bayan ya ci bashi ya zuba kaya, ina zai kafa? Kusa da babban asibiti, inda likita ke rubuta takarda kuma ma'aikata ke da albashi. Shi ya sa mafi yawan kantunan suka taru a babban birni, ƙauye ya tashi da ƙaramin depo in ya yi sa'a.

Yanzu ga maganar da na gaji da ji: wai sakin kasuwa ne ya haifi masu tallar magani a tire. Haba! A duba kalanda mana. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsada a dare ɗaya, albashi yana nan inda yake. Shekara 3 cur ke nan kafin dokar. Iyakar Najeriya kuwa, ta Ƙonni da ta Maraɗi, ba ta jira wata doka ba. A annobar sanƙarau ta 1995 ma, ONPPC na riƙe da ikonta lokacin da aka yi wa dubban mutane allurar rigakafin jabu da ta shigo daga Najeriya.

Abin da ke riƙe da mai tire shi ne ƙwaya ɗaya. Tsaya ka kalle shi a bakin tasha: katunan magani ɗaure da roba, sun sha rana har launinsu ya koɗe, ga almakashi a gefe. Mai baro ya zo ya ce jikinsa ke ciwo, a ba shi na dala biyar. A yanka masa ƙwaya biyu, ya kora da ruwan leda, ya koma aiki. Ba takardar likita, ba kuɗin ganin likita, wani lokaci har bashi. A farmasi kuwa galibi kwali za a miƙo maka, kuɗinsa jika biyu ko uku, ko da ƙwaya huɗu kake bukata. Ta wannan almakashin tiramadol ya bi ya shiga aljihun matasa.

A Janairun 2020 Nijar ta shiga yarjejeniyar Lome ta hukunta masu fataucin maganin jabu. Ana kame, ana ƙona kaya, tire yana dawowa, domin mai dala biyar bai samu kantin da zai yanka masa kati ba.