Abin da ke hana Linux rubutu a faifan da yake tarayya da Windows

A kwamfutar da aka girka wa Windows da Linux tare, yawanci faifan ajiya ɗaya ne aka kasa gida-gida. Sau da yawa mai ita yakan shiga Linux, ya buɗe sashen Windows, ga fayilolinsa nan yana gani, amma ba ya iya goge ko ɗaya, balle ya ajiye sabo. Kwamfutocin da ke aiki da Faransanci, irin waɗanda ake saye da gyarawa a Black Market ta unguwar Adjamé a Abidjan, sukan rubuta "lecture seule", wato karatu kawai. Galibi faifan lafiyarsa ƙalau.

Tun fitowar Windows 8 a 2012, Microsoft ya sa tsarin saurin tashi. Idan aka kashe kwamfutar, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya. Yakan adana halin da yake ciki a fayil mai suna hiberfil.sys, ya bar sashensa na NTFS a riƙe. Linux kuwa, da ya tarar da haka sai ya janye hannu, don rubutu a wannan yanayi yana iya lalata bayanai. Wannan taka-tsantsan daidai ne.

Maganin yana cikin Windows. Ana shiga saitin wutar lantarki a cire alamar da ke gaban "démarrage rapide", wato saurin tashi, ko a buga powercfg /h off da izinin mai gudanarwa, sannan a kashe kwamfutar. Idan ɗaukewar wuta ce ta katse aiki, chkdsk /f ne ke duba sashen ya gyara. Shi ntfsfix na Linux ƙananan gyare-gyare kawai yake yi.

In abin ya ƙi, to mai yiwuwa batun mallaka ne. NTFS ba ya bin tsarin izini na Linux, don haka ake ƙara uid=1000 da gid=1000 a layin sashen cikin /etc/fstab, lambar mai amfani na farko ke nan a Ubuntu. Sashen ext4 na Linux kuma chown ne maganinsa.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne gaggawar yin fomatin. Ɗan kasuwar da lissafin bashinsa da hotunan iyalinsa ke cikin faifan ya kwafe su a wani faifan kafin ya miƙa kwamfutar ga mai gyara.